Ɗigon da ke jikin dutse: yadda ake buɗe kogunan Regi, da wasu kacici-kacici irinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga Pokémon Emerald, na kai kogon nan na ƙarƙashin teku da ke Hanya ta 134, inda aka jera ɗige-ɗige a jikin duwatsu. Na bi abin da na gani a wani bidiyo, na sa halittar ruwa Relicanth a farkon tawagata, Wailord a ƙarshe, amma shiru, ko ƙasa ba ta girgiza ba. Yau kwana uku ke nan. Wasan nawa ne ya lalace? Kuma don Allah me ya sa masu ƙera wasanni ke ɓoye irin waɗannan halittu a bayan kacici-kacici? Akwai yadda mutum zai riƙa warware su da kansa ba tare da leƙen amsa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasanka lafiya lau yake, bidiyon ne ba na wasanka ba. Jerin da ka bi na wasannin Pokémon Ruby da Sapphire ne, waɗanda suka fito a Japan a 2002. Da kamfanin Game Freak ya fitar da Emerald a 2004 sai ya juya jerin. Sa Wailord a farko, Relicanth a ƙarshe, ka je ka tsaya gaban rubutun da ke bangon ƙuryar ɗaki na biyu ka karanta shi. Ƙasa za ta girgiza, wasan ya sanar da kai cewa an ji ƙarar buɗewar wasu ƙofofi can nesa. Ƙofofin uku ne, na kogunan halittu ukun da ake kira Regi: ta Regirock a hamadar Hanya ta 111, ta Regice a wani tsibiri a Hanya ta 105, ta Registeel a Hanya ta 120.

Kada ka koma wa wannan bidiyon, don zai sake ɓatar da kai har sau uku. A Emerald, a kogon Regirock za ka yi taku biyu hagu, biyu ƙasa daga wurin rubutun, sannan ka yi amfani da dabarar fasa dutse mai suna Rock Smash. A Ruby da Sapphire taku biyu dama ne, biyu ƙasa, sai dabarar ture dutse mai suna Strength. A kogon Regice, Emerald na so ka zagaya ɗakin sau ɗaya kana manne da bango, alhali tsofaffin biyun so suke ka tsaya cak na minti biyu ba ka taɓa komai ba. A na Registeel ka tsaya tsakiyar ɗakin ka kunna dabarar haske Flash, ba dabarar tashi sama Fly ta tsofaffin biyun ba.

To amma abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne, kwana ukun nan da ka yi, amsar tana gabanka a rubuce. Ɗige-ɗigen ba ado ba ne. Rubutun makafi ne, wanda Bafaranshen nan Louis Braille ya ƙirƙira a ƙarni na 19, inda kowane harafi ke fitowa daga gurabe shida, layi biyu a tsaye, kowanne da gurbi uku. Kuma masu wasan ba su ɗauka ka iya shi ba. Duwatsun da ke ɗakin farko, waɗanda yawancin mutane ke wucewa a guje, haruffan Turanci ne a jere daga A zuwa Z, rukuni-rukuni. Wato sun ajiye maka mabuɗi a bakin ƙofa. Wanda ya ɗauki takarda da biro ya kwafe su, cikin 'yan mintuna zai karanta umarnin tonon bango da Dig, ya shiga ɗaki na biyu ya karanta da idonsa wane kifi ne ke gaba, wane ne ke baya. Shi ba ruwansa da ko Ruby yake bugawa ko Emerald, domin bangon ba ya faɗar jerin wani wasan.

Shi ya sa nake ganin wannan kacici-kacici yana cikin mafi kyau da aka taɓa sawa a jerin wasannin. Duba na Registeel: rubutun bai ce ka kunna Flash ba, cewa ya yi ka haskaka a tsakiya. Kai ne za ka tuna wace dabara ce a hannunka ke ba da haske. Wannan shi ne wasa ƙwaƙwalwa na gaskiya, an ba ka komai, saura haɗawa.

Sai dai ba duk abin da ake kira kacici-kacici ne ya cancanci sunan ba, kuma sanin bambancin shi ne zai cece ka daga ɓata kwanaki. Ɗauki Feebas, a cikin wannan wasan da kake bugawa. Kifin yana kogin Hanya ta 119, amma a gurabe shida kacal daga cikin ɗaruruwan guraben ruwa, kuma babu wata alama a saman ruwan da ke nuna su. Guraben ma suna sauyawa idan aka canza kalmar da mutanen garin Dewford ke yayi. A nan babu abin da za ka karanta, babu abin da za ka gane. Haƙuri ne kawai, sai ɗan lissafi. Ko a gurbin da ya dace, rabi da rabi ne: duk kifin da ya kama ƙugiya zai iya zama Feebas, zai iya zama wani. Idan ka jefa sau ɗaya ka wuce, rabin lokaci za ka tsallake gurbin da kake nema ba ka sani ba. Idan ka kama kifi uku a gurbi guda, yiwuwar kuskure ta sauko zuwa ɗaya cikin takwas. Ni biyu nake yi in matsa, in bi kogin layi-layi don kada in maimaita inda na riga na gwada. Kuma kada ka je Dewford ka taɓa kalmar nan kana tsakiyar nema.

Irin wannan neman na Feebas yana da yawa. A Scarlet da Violet na 2022 akwai turaku 32 da aka kafa a sassan taswira, takwas-takwas ga kowane ɗaya daga halittu huɗu da aka kulle: Wo-Chien, Chien-Pao, Ting-Lu da Chi-Yu. A Legends: Arceus sai ka tara ƙananan wutace 107 kafin ka kai ga Spiritomb. Waɗannan farauta ce ta ido. Suna da daɗinsu, suna sa ka leƙa lungunan da ba za ka taɓa zuwa ba, amma idan saura maka turke ɗaya ka zagaya har ka gaji, buɗe taswirar da wasu suka haɗa. Ba wata basira ka tauye ba, tunda ba a buƙaci basira ba tun farko.

Akwai kuma nau'in da ni kaina yake ba ni haushi, wato wanda mabuɗinsa ba ya cikin wasan sam. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Manaphy a Legends: Arceus. Ana so ka sa Mantyke da Buizel da Overqwil a tawagarka, ka ratsa tsakanin wasu duwatsu biyu masu kama da ƙaho a cikin teku, da yamma. Ina aka bayyana haka? A wani littafi da ke ɗakin karatu na garin Canalave, a cikin Brilliant Diamond da Shining Pearl, wasanni daban da aka sayar daban 'yan watanni kafin nan. Wanda bai mallake su ba, ko shekara zai yi yana tunani ba zai iso ba. Inkay na X da Y, na 2013, ya ɗan fi adalci: sai ka kifa na'urar 3DS ɗinka kai a ƙasa lokacin da ya kai mataki na 30 kafin ya rikiɗe ya zama Malamar, kuma duk wanda ya ƙura wa surar su biyun ido zai ga ɗaya kamar an kifa ɗaya ne. Alama ce, amma siririya.

Batun dalilin ɓoyewa kuwa, halittar da kowa zai tsinta a bakin hanya ba ta da daraja, don haka dole a yi mata shinge. Shingen iri biyu ne. Ko a bar wa sa'a, kamar halittu masu launi na daban da a tsofaffin wasannin ke fitowa sau ɗaya cikin 8,192, ko a sa wani aiki da kowa zai iya idan ya natsu. Na biyun yana barin mutum da labarin da zai bayar. Masu wasan kuma sun daɗe da sanin amfanin labari. Tun wasannin farko na 1996, ɓoyayyiyar halitta Mew da ɗaya daga masu ƙera wasan, Shigeki Morimoto, ya cusa a ƙarshen aiki ta haifar da jita-jita iri-iri, har da ta motar nan da ke kusa da jirgin ruwan S.S. Anne, wadda aka ce idan ka ture ta za ka samu Mew a ƙarƙashi. Babu komai a ƙarƙashin motar, amma yara sun shafe shekaru suna zancenta, wannan kuwa talla ce da ba a biya ko sisi ba. Daga baya sai suka fara gina sirrin gaske da gangan. A Gold da Silver, sai ka haɗa hoton da aka yanka gida 16 a kangon Alph kafin halittun Unown su fara bayyana. Wasu kamfanonin ma ba mutum ɗaya suke yi wa kacici-kacicin ba. A World of Warcraft, abin hawan nan mai suna Lucid Nightmare na 2017 taron 'yan wasa ne suka haɗa kai a intanet suka bi sawunsa, amma aka sa masa dab da ƙarshe wani gida mai ruɗaɗɗun hanyoyi da tsarinsa ya bambanta daga ɗan wasa zuwa ɗan wasa, don kada wani ya kwafi taswirar wani.

Saboda haka idan ka ci karo da ƙofa a kulle, kafin ka fara gwaje-gwaje tambayi kanka: wasan ya ba ni abin karantawa ko bai ba ni ba? Waiwaya ɗakin da ka baro, don masu ƙira sun fi son koyar da ƙa'ida a wuri mai sauƙi dab da inda za su jarraba ka. Yi magana da mutanen garin da ya fi kusa, har da waɗanda ba su da alamar muhimmanci, ka karanta bayanin halittar a Pokédex, kundin halittun wasan. Rubuta abin da ka gani a takarda. Allon ƙaramar na'ura ba ya nuna maka rubutu biyu lokaci guda. Idan rubutun ya zo da habaici, buɗe jerin dabarun da ke aiki ko ba a cikin faɗa ba ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba su da yawa. Idan kuwa ka yi duk wannan ba ka samu ko zare ɗaya ba, mai yiwuwa irin na Feebas ne ko irin na Manaphy, sai ka nemi taimako. Abin da zan roƙe ka kawai, rubuta cikakken sunan wasanka a wurin nema, ka kuma karanta mataki ɗaya ka rufe shafin, ka gwada sauran da kanka.

Kafin ka taɓa kowane Regi, yi ajiyar wasanka kana tsaye a gabansa. Dukansu a mataki na 40 suke, kuma ma'aunin sauƙin kamunsu 3 ne a sikelin da ya kai 255, wato suna cikin mafi wuyar shiga ƙwallo. Idan ka kashe ɗaya bisa kuskure a Emerald ba zai dawo ba, sai dai ka kashe na'ura ka koma kan ajiyarka. Tafi da ƙwallayen kamu na Ultra Ball masu yawa da 'yan Timer Ball, waɗanda ƙarfinsu ke ƙaruwa yayin da faɗan ke tsawo, da kuma halittar da ta iya sa barci. Regice ne ya fi saurin faɗuwa idan an buge shi da dabarar faɗa ko ta dutse, don haka ka sassauta hannu a kansa.