Wane faifan Winterreise zan fara saurara?

Malam, ka ce masu sharhi sun rikita ka: wannan ya yaba wa mawaƙin Jamus Fischer-Dieskau, wancan ya kushe shi. Ai dole. Waƙoƙin nan 24 na Winterreise da Schubert, mai tsara kiɗa ɗan Austriya, ya tsara a 1827, Fischer-Dieskau ya naɗe su sau da dama, don haka ka fara duba shekarar faifan da ake magana a kai. Nan mutane ke yawan tuntuɓe.

Masu yabo suna son yadda yake fito da ma'anar kowace kalma, masu suka kuwa na ganin yana wuce gona da iri. Ni dai na 1962 na fi so, wanda Gerald Moore ya kaɗa masa fiyano.

Ka nemi fassarar baitocin Müller, marubucin waƙoƙin, kafin ka saurara. In rerawa kake son koya, sai ka nemi malamin da ya iya lafazin Jamusanci.