Tambaya da Amsa: Ruwa Ya Kayar Mini da Katanga, Me Ya Rage wa Maraɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi. Ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 ya kayar mini da katanga da ɗaki guda, Allah dai ya tsare rayuka. Kullum a rediyo ana maganar sauyin yanayi, ana cewa a gyara birane su zama masu tsafta, masu ɗorewa. To mu da ba mu da manyan masana'antu, hayaƙin wasu ne ke cin mu, me ya rage mu yi? Ko sai mun jira kuɗin Turawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan ruwa.

Rabin maganarka gaskiya ce tsantsa. Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya fi na 'yan Nijar ɗari. Amma hadari in ya taso ba ya tambayar mai laifi. Duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100, kuma masu nazarin hotunan tauraron ɗan adam sun gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku daga farkon shekarun 1980. Ke nan ruwan da a da yake zuwa kashi-kashi, yanzu yakan zubo a zama ɗaya.

Bari mu yi lissafi irin naku na kasuwa. A ranar da kake magana, ruwan da ya sauka a Maraɗi ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. In rufin gidanka mita 10 ne tsawo, 10 faɗi, to ya karɓi lita 15,000, wato tano 75 irin mai cin lita 200. Gidanka kaɗai ke nan, ban haɗa da tsakar gida ba. Duk wannan ruwa indararo ya watsa shi titi, ya haɗu da na maƙwabci, da na maƙwabcin maƙwabci. Tambayar da injiniya ke fara yi ita ce, ina ruwan nan zai je?

Kakanninmu sun taɓa samun amsa mai zafi. Tsohon garin Maraɗi a ƙasa yake, cikin fadamar Gulbi, har ambaliyar 1945 ta cinye shi aka dawo da gari kan tudu. Tudun nan jigawa ce, rairayi mai shan ruwa, shi ya sa aka daɗe ana zaune lafiya. Sai gari ya cika. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 267, yau kuwa kowa ya ga inda gine-gine suka kai. Muka shafe tsakar gidaje da siminti, muka rufa kwano, muka cike kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda su ne ma'ajin ruwan unguwa, muka yanka filaye a kansu. Ƙasar da ke shan ruwa ta ragu, ruwan da ke gudu ya ƙaru. Wanda ya samu hanya ya gangara da ƙarfi ya yi ta yagar bakin tudu yana buɗe kwazazzabai, wanda bai samu ba ya kwanta a gindin katangarka har ta jiƙe ta zauna.

Hanyar da aka yi masa kuma, je ka leƙa ta a watan Mayu. Ɗaga murfin magudana ɗaya a kusa da kasuwa: rairayi a ƙasa, sai baƙar leda, ledar piya wata, gorar lemo, tsumma, duk sun cure sun zama kamar daɓe. Magudanar da aka gina mai zurfin mita guda, wani lokaci abin da ya rage wa ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Wannan ba hayaƙin Amurka ba ne, Alhaji, ledar kosanmu ce. Kuma ba a rasa doka ba. Tun watan Nuwamban 2014 Nijar ta haramta ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan leda marar kauri. Ruwanda ta yi tata dokar a 2008, ta tsaya a kanta tun daga bakin iyaka, kuma kowace Asabar ta ƙarshen wata jama'a na fita aikin gayya, shi ya sa ake misali da babban birninta Kigali. Mu kuwa mai tumatir na dala ashirin ma sai ya ba ka leda biyu. Tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin shanu da awakin gari.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da ni, don maganin ba daga Turai zai zo ba, yana bayan garin nan. A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun zama fako, iska na binne shuka da rairayi. An yi ta dasa itatuwa da kuɗin agaji, galibinsu suna mutuwa. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an dasa ba. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Abin da muke kira sassaben zamani ke nan. Yau ana maganar kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, gawo da kalgo da aduwa da sabara. Daga ƙasashe ake zuwa koyo.

Sai dai mutane na mance abin da ya sa ya kama. Dabarar datse reshe ba sabuwa ba ce. A da, itace na gwamnati ne, ko a gonarka yake, in ka sare shi jami'in daji ya ci ka tara, don haka manomi ya gwammace ya kashe shi tun yana tsiro ya huta. Ranar da manomi ya tabbata cewa gawon nan nasa ne, reshensa nasa, 'ya'yansa na dabbobinsa, ranar ya fara tsaronsa. A ganina ciwon garuruwanmu shi ne ciwon gonakin wancan lokaci: magudana, juji, itacen bakin titi, duk "na gwamnati ne", wato ba na kowa ba.

Na ga wannan da idona. Wata shekara, ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai da dashen itatuwa, na bi wata ƙungiya muka dasa dogon yaro layi guda a bakin wani titi. Aka ɗauki hoto, aka sha lemo, aka watse. Da na koma cikin bazara, awaki sun gama da su, sai ramuka. Guda ɗaya ya tsira, wanda ya faɗo daidai teburin wani mai shayi. Ya kewaye shi da ƙaya da tsohuwar taya, kullum in ya wanke kofuna sai ya juye ruwan a gindinsa. Ba wanda ya biya shi. Inuwa yake so wa masu cin burodinsa. Tun daga ranar na daina ƙirga itatuwan da aka dasa, sai waɗanda suka ga damina ta uku.

To haka nake so a yi da gari. Kada a dasa itace sai an san sunan mai shi: mai shago, mai gida, limamin masallaci, shugaban 'yan kabu-kabun tasha, kuma a ba shi ikon sassabe reshe da cin moriya. Itace a gari ba ado ba ne. Inuwarsa na rage zafin ƙasa da bango, ganyensa na tare ƙura, saiwarsa na buɗe wa ruwa hanyar nutsewa. Birnin Medelin na Kolombiya ya rage zafinsa da kusan digiri 2 ta hanyar jera itatuwa a manyan tituna da bakin rafuka. Mu da ke ganin sama da digiri 40 a Afrilu, digiri biyu ba abin wasa ba ne. A dai guji dasa dogon yaro dab da bango ko bakin magudana, saiwarsa na fasa gini.

Magudana ma haka. Kowane layi ya san daga ina zuwa ina ne nasa, mai unguwa ya riƙe sunaye, a yashe kafin ruwan fari, ba bayan ya yi ɓarna ba. Amma nan akwai inda gayya ke karyewa, kuma na sha gani: matasa su yi gumi tun safe, su tara baƙin taɓo a bakin magudana, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Sau biyu aka yi haka, ba mai sake fitowa. Don haka kada a sa ranar gayya sai an yi magana da ma'aikatar magajin gari, ko an tanadi amalanke. Akwai kuma abin da jama'a ba za su iya ba ko sun so: manyan magudanan da ke kai ruwa Gulbi, daure bakin kwazazzabai da duwatsu cikin ragar waya, da hana yanka fili a kan hanyar ruwa. Wannan na hukuma ne, kuma nan ne kuɗin waje ke da amfani. Ku 'yan kasuwa kuna biyan haraji, muryarku na da nauyi, ku tambaya.

Shara kuwa, in ka zazzage kwandon gidan Bamaraɗe, mafi yawansa rairayin shara ne da toka da ɓawo da kashin dabbobi. Wannan taki ne, manoman bakin gari da masu lambun fadama sun daɗe suna nemansa, leda ce ke ɓata musu shi. In an ware leda tun daga gida a buhu daban, sauran ya zama kaya mai ciniki, mai amalanke ya samu abin yi. Ƙona juji da magariba kuwa a bar shi. Hayaƙin leda guba ne, kuma da sanyin yamma ba ya tashi sama, yana kwanciya ne daidai hancin yara.

Tun da mun zo kan hayaƙi, mutane na ɗora laifi kan babura da adaidaita, kuma suna da nasu kason, musamman masu tsohon inji da gurɓataccen mai. Ƙurar hunturu kuma daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, ba mu da iko da ita. Amma hayaƙin da ya fi kusa da huhu yana cikin madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne kan gaba. Uwargida na tsugune kan murhun duwatsu uku, goyo a bayanta, su biyun suna shaƙa. Itacen kuma daga dazuzzuka irin Baban Rafi ake lodo shi. Matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram na fitar da gas na girki tun 2011. Mai hali ya sayi tukunyar gas, wanda bai kai ba ya nemi murhu mai tsimin itace irin Mai Sauƙi, a kuma buɗe wa madafa taga. Mu maza mun fi saurin sayen sabuwar waya da wannan, Allah ya shirye mu.

Saura katangarka. Kada wannan ya sa ka tsani ginin ƙasa. Ɗakin bulo da kwano marar silin tanda ne a bazara, sai fanka dare da rana, wutar kuma mun ga yadda ta yi mana a 2023 da Najeriya ta yanke layi. A Dandaji ta jihar Tawa, 'yar ƙasar nan mai zanen gine-gine Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gina babban masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, ya ci kyaututtuka a duniya. Bangon ƙasa ba ruwan sama ke kayar da shi ba, ruwan da ya kwanta a gindinsa ne. In za ka tayar da naka, a yi tushe da dutse da siminti har ya haura gwiwa, sannan a ɗora tubali, a yi masa hula a sama, indararo kuma ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango.

A tsakar gida, kada ka shafe ko'ina da siminti. Bar inda ya fi gangara, ka sa a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya da rabi, a cika shi da fasassun duwatsu da tsakuwa, a karkata ruwan rufi can. Ya yi nesa da tushen ɗaki da aƙalla mita uku, ya yi nesa da masai da rijiya sosai. Ba zai shanye tano 75 ba, amma zai rage abin da ke fita titi a rabin awar farko, lokacin da magudana ke shaƙewa. In gida ashirin a layinku suka yi, za ku ga bambanci a damina ɗaya. Ka fara aikin cikin Maris ko Afrilu, ƙasa na bushe, magina ba su yi tsada ba, kuma ka kira maƙwabcinka na gangare ya zo ya gani, don shi ruwanka ke fara gaisarwa.