Yadda kufai ya riƙa tura wakilai biyu majalisar Ailan

Tambaya: Malam, na karanta cewa akwai wani gari a Ailan mai suna Bannow da yashi ya binne, amma har shekarar 1800 yana da 'yan majalisa biyu. Wa ke zaɓensu, tunda babu mutane?

Amsa: Gaskiya ne. Bannow na gundumar Wexford, bakin teku, kudu maso gabashin Ailan. A nan mayaƙan Norman, mahara daga Birtaniya, suka fara sauka a 1169, aka kafa garin ciniki mai tashar jiragen ruwa. Sannu a hankali yashi ya toshe mashigin, jirage suka daina zuwa, jama'a suka watse. Yau in ka je, kangon cocin St Mary da kaburbura za ka tarar a kan tudu.

Abin da za ka riƙe shi ne, a wancan tsarin kujera ba ta jama'a ba ce, haƙƙi ne da aka ba garin tun da can, kuma babu dokar da ta ce a karɓe shi don mutane sun tashi. A lokacin, majalisar wakilai ta Dublin na da kujeru 300: 64 na gundumomi 32, 2 na jami'ar Trinity, sauran 234 na garuruwa 117. A da yawa daga cikin waɗannan garuruwa 'yan majalisar gari kaɗai ke jefa ƙuri'a, sau da yawa magajin gari da mutum 12, kuma in ɗayansu ya mutu, sauran ne ke naɗa magajinsa. Saboda haka duk attajirin da ya cusa 'yan'uwansa da yaransa a ciki, mazaɓar ta zama tasa har jikoki. Dokar Newtown ta 1748 ta ƙara dagula lamarin, domin ta halatta wa wanda ba mazaunin gari ba ya zama mai zaɓe a cikinsa. Daga nan ko mutum ɗaya ba ya kwana a Bannow, zaɓe ya inganta a idon doka. Gidan Loftus, masu sarautar Ely, su ke riƙe da Bannow, haɗe da maƙwabtanta Clonmines da Fethard: kujeru shida a hannun gida guda.

Wani abin takaici, Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, an hana su ƙuri'a daga 1728 zuwa 1793. Manomi mai rai da iyali ba shi da murya, kufai na da biyu. Ɗan majalisa Henry Flood ya kawo ƙudirin gyara a 1783, majalisar ta yi watsi da shi, don masu cin moriyar tsarin ne ke zaune a ciki.

Dokar haɗe Ailan da Birtaniya ta 1800 ce ta kawo ƙarshensa. An rushe majalisar Dublin, aka ba Ailan kujeru 100 a Landan daga 1 ga Janairu 1801, aka soke mazaɓun garuruwa 84, har da Bannow. Amma dubi yadda aka soke su: an ɗauke su kamar gona ko gida, aka biya diyyar fam 15,000 kan kowace mazaɓa, jimilla fam 1,260,000. Charles Loftus ya karɓi fam 45,000 na garuruwansa uku, aka kuma ɗaga sarautarsa zuwa Marquess na Ely a ƙarshen 1800, bayan ya mara wa haɗewar baya.