Amsa: Neman takardun kwangilar burtsatse a ƙaramar hukuma

Malam, ka tambayi yadda za ka ga takardun kwangilar burtsatsen ƙauyenku a yankin Kwali da ke Abuja. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka wannan dama, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba.

Ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ka ambaci dokar. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne rubuta "duk bayanan ayyuka", wanda ke ba ma'aikaci ƙofar zillewa. Faɗi sunan ƙauyen da shekarar, ka nemi takardar bayar da kwangila, sunan kamfani, kuɗin da aka ware da wanda aka biya.

Kai kwafi biyu ofishin rajista, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Hatimin nan shi ne shaidarka a kotu cewa sun karɓi wasiƙar.

Jami'an ƙaramar hukumar suna da kwana 7 su ba ka amsa, suna iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. Kuɗin kwafi kawai za ka biya, ka karɓi rasit. In sun yi shiru, doka ta ɗauka sun ƙi, kana da kwana 30 ka shigar da ƙara a Babbar Kotu. Idan aka tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce a kan jami'in ko hukumar da ta hana ka.