Shin Kirista zai iya yin yoga ko zaman shiru irin na mabiya Buddha?

Tambaya: Malam, tun da na haifi autana ciwon baya yake damuna, likita ya ce in riƙa motsa jiki, sai 'yata ta sauko mini da bidiyon yoga a waya, kuma na ji sauƙi. Amma a zumuntar mata wata ta ce bautar gumaka nake yi ban sani ba. Ga ɗana da ke jami'a shi ma yana zaman shiru da asuba, wai irin na mabiya Buddha. Ina matsayinmu a bangaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Wadda ta ja kunnenki tana da hujja, sai dai ta haɗa abubuwan da ya kamata a rarrabe.

Yoga kalma ce ta harshen Sanskirit na Indiya, kuma tushenta yana nufin haɗa abu biyu, kamar yadda ake ɗaura wa shanun noma karkiya. A tsohuwar koyarwar da ake dangantawa da malami Patanjali, yoga tana da matakai takwas, yanayin zaman jiki kuwa shi ne na uku kawai. Manufarta ita ce a tsayar da kai-komon zuciya har mutum ya kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, wanda addinan Indiya suka yarda da shi. Wannan ya saɓa wa Ibraniyawa 9:27, inda aka koya mana cewa sau ɗaya mutum yake mutuwa, bayan haka sai shari'a. Amma miƙe-miƙen da kike gani a waya sun ɗauki siffarsu ta yanzu ne a ƙarni na 20, musamman ta hannun wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya da ya koyar a birnin Mysore na Indiya a shekarun 1930, kuma da suka bazu a duniya mutane da yawa sun ɗauke su motsa jiki zalla.

Shi ya sa kan ikilisiyoyi bai haɗu ba. A 1989 fadar Batikan, hedikwatar Ikilisiyar Katolika, ta fitar da wasiƙa mai sa hannun Kadinal Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, wadda ta nuna cewa ba za a yi watsi da wata hanyar natsuwa don kawai ba daga Kiristoci ta fito ba, amma ta yi kashedi kada mutum ya ji daɗi da sanyi a jikinsa ya ɗauka ta'aziyyar Ruhu Mai Tsarki ce. Majalisar Ikilisiyar Orthodox ta Girka kuwa ta yanke a 2020 cewa yoga ba ta jituwa da bangaskiyar Kirista sam.

A ganina, mizanin da ya fi dacewa shi ne wanda Manzo Bulus ya kafa a 1 Korantiyawa sura 8 da 10 game da naman da aka yanka wa gumaka: naman kansa ba ya ƙazantar da mai bi, amma zama a teburin tsafi haramun ne. Durƙusawa a kan tabarma, ki lanƙwasa baya, ki ja numfashi a hankali, aikin jijiya da ƙashi ne, kuma jikin da kike kula da shi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. To amma ki sa ido, ki kuma kasa kunne. Idan mai koyarwar ta haɗa tafin hannu a ƙirji ta ce a rera “om”, wannan sauti ne mai tsarki a addinin Hindu. Idan ta ce a ambaci sunan wani abin bauta, ko a miƙa gaisuwa ga rana da niyyar girmamawa, ko ta ce ke da Allah abu ɗaya ne, nan an bar motsa jiki an shiga ibada, sai ki kashe bidiyon ki nemi wani.

Batun ɗanki ya fi buƙatar natsuwa, domin ya shafi zuciya kai tsaye. Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, ya rayu a arewacin Indiya ƙarnuka kafin haihuwar Almasihu, ya koyar da cewa kwaɗayi da maƙale wa abin duniya ne tushen wahala. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma ina girmama tausayi da kamun kai da na karanta a koyarwarsa. Amma tafarkinsa bai dogara ga Mahalicci ba, ya kuma koyar da cewa babu wani “ni” mai dawwama a cikin mutum, kuɓuta kuwa da ƙoƙarin mutum take samuwa. Mu kuwa mun gaskata cewa Allah ya san kowannenmu da sunansa, kuma ceto kyauta ce ta alheri, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta bayyana. Shirun Kirista shiru ne na mai sauraro a gaban Ubansa, irin na mutumin Zabura ta 1 da ke juya maganar Ubangiji a ransa dare da rana.

Mai yiwuwa abin da ɗanki yake yi shi ne irin horon lura da numfashi da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979 domin rage wa marasa lafiya damuwa, wanda aka ɗauko daga al'adar Buddha aka cire masa ibada. Kada ki fara da faɗa. Ki zauna ki tambaye shi abin da yake saurare, da abin da yake fatan samu, da kuma ko zaman ya maye gurbin addu'arsa da karatun Littafi Mai Tsarki. Sau da yawa matashin da ke neman shiru yana ɗauke da wani nauyi ne da bai faɗa wa kowa ba.

Ita kuwa 'yar'uwar ta zumunta, ki gode mata, ki nuna mata bidiyon, ku karanta Romawa sura 14 tare. Idan bayan haka lamirinki bai kwanta ba, ki koma wurin likita ya ba ki wasu motsin bayan da ba su da alaƙa da yoga, domin suna da yawa kuma suna aiki.