Wa Ya Yi Ƙidayar, Kuma Wa Ya Amsa a Zaure?

Yarona, ka tambaye ni wanne za ka kama. Takardar ƙidayar da ka samo a gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna ta ce sunan kakan mutanen da kake bincikar asalinsu Audu, shekarunsa 40, su kuwa 'yan gidan sun dage Abdullahi ne, kuma a lokacin ya haura 50. Ga kuma abin da ka gani a littafin alƙali, wanda ya ɗaga maka hankali.

Maganar suna ba ta da wuya. Audu shi ne Abdullahi, kamar yadda Garba yake Abubakar, Iro Ibrahim, Sanda Umaru. Ka ƙara da alkunya: uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, sai a ba malamin ƙidaya laƙabi, Tanko ko Dogo, ya rubuta shi a matsayin sunan yanka. Wani lokacin ma da ajami aka fara rubutawa, wani akawu ya juya zuwa boko yadda ya iya. Kuma kada sunan gari ya ruɗe ka. 'Yan makarantar boko da yawa da garinsu aka rubuta su, shi ya sa ake cewa Aminu Kano, Shehu Shagari. Mutum biyu masu "Gusau" a ƙarshen suna ba lallai su haɗa jini ba.

Shekaru kuwa, nan za ka zauna ka yi tunani. Kafin ka yarda da kowane adadi, tambayi kanka don me aka yi ƙidayar. A zamanin Turawa ƙirga mutane da karɓar haraji tafiyarsu ɗaya. Ƙidayar 1931, yawancin alƙalumanta na Arewa daga takardun haraji aka tattaro su. Sai a 1952 aka bi gida-gida sosai. To, talakan da ya san baligi ake yanka wa haraji, me zai ce game da ɗansa mai shekara 16? Zai mayar da shi yaro. Bafulatani ya ɓoye shanu saboda jangali. Malamin ba ya shiga cikin gida, a zaure yake tsayawa, abin da maigida ya faɗa game da mata da 'ya'ya shi za a rubuta. Kuma mutanen da ba sa ajiye ranar haihuwa, sai malamin ya dubi furfura ya ce 40 ko 50. Duba shafin da kyau, za ka ga yawancin shekarun da sifiri ko biyar suke ƙarewa.

Saboda haka koma wurin tsofaffin gidan, mata musamman, don su ne ke riƙe da lissafin wa ya girmi wa. Kada ka tambaye su shekara. Tambaye su: da Turawa suka shiga Kano a 1903, yana goye ne ko yana kiwo? Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta same shi da aure? Da wa aka yi musu kaciya tare? Irin wannan awon ya fi na malamin haraji daidai.

Sai littafin alƙali. Ka ga an rubuta wani Audu ya fanshi kansa daga ubangijinsa. Irin wannan ba baƙon abu ba ne. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar ne kawai, bauta ba ta haramta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan bayi da yawa sun biya fansa a gaban alƙali. Gidaje masu daraja a yau akwai waɗanda asalinsu ke nan, kuma a ganina mutumin da ya yi murgu, ya tara kuɗi da guminsa ya sayi 'yancinsa, abin alfahari ne ga jikokinsa.

Amma Audu nawa ne a gundumar nan? Kada ka jingina wannan ga gidan mutane sai unguwa ta dace, sunan ubangijin ya dace da wani da tsofaffi suka sani, kuma ka sami shaida ta biyu daga wata hanya dabam. Idan ta tabbata, ba a waya ake faɗa ba, ba kuma a taron dangi ba, domin akwai auren 'ya'yansu a gaba. Ka sami babban gidan shi kaɗai, ka karanta masa shafin yadda yake, ka bar masa shawarar wanda zai ji. Ranar da za ka, ka biyo ta nan mu tafi tare.