Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ke goya 'yar tsana

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun safe na ga tambayarki, sai yanzu da na sauke tukunya na samu zama. Kin ce yaronki ɗan shekara uku ya ƙwace 'yar tsanar yayarsa yana goya ta da ɗankwalinki, ita kuma yayar ba ta da aiki sai kwance motar roba tana neman abin da ke juya tayoyin, har surukarki ta ce a raba su da wannan wasa tun kafin yaron ya lalace. Kina tambaya ko ki hana. Ni na taɓa hanawa, kwana biyu kacal, kuma bari ki ji yadda muka ƙare.

Shekarata goma sha bakwai a Agege, 'ya'yana huɗu duk a nan na haife su. Na ukun namiji ne, shi ne mai halin naki. Lokacin da na haifi autata yana da shekara uku da 'yan watanni, muna zaune a ciki da falo, gidan haya irin na Legas, ba inda yaro zai je sai gindin uwarsa. Wata rana na fito daga wanka na tarar ya sunkuya, ya ɗora 'yar tsana a gadon baya, ya ciji bakin tawul da haƙora yadda nake cije zani in zan ɗaure goyo. Da ya gama sai ya miƙe yana jijjigawa, yana ɗan bubbuga ta ta baya, yana cewa “yi shiru, yi shiru.” Maƙwabciyata Bayarabiya dariya ta yi har da riƙe ciki. Hajiya, mahaifiyar maigidan, da ta zo mini zaman jego daga gida, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, “Ke 'yar nan, kina kallo? Ai haka daudu ke farawa.”

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye miki ba. A daren na jefa 'yar tsanar saman kwaba. Washegari na same shi ya goya takalmin babansa ƙafa ɗaya. Na karɓe. Kafin la'asar ya goya gorar ruwa. Daga nan na gane ba 'yar tsanar ce a ransa ba, ni yake kwaikwayo. Da a garejin kanikawa yake yini, sifana zai riƙe. Yanzu shekararsa goma sha biyu, kullum gwiwa a goge saboda ƙwallo, yana zuwa Islamiyya, kuma in na tafi asibiti ko kasuwa shi ke dafa wa ƙanwarsa taliya ya taje mata kai. Abin da aka ji masa tsoro ban ga ko alamarsa ba.

Ki duba garin nan da muke ciki ma. Wa ke soya ƙwai a teburin mai shayi a Obalende da Idi-Araba? Wa ke yanka albasa da tumatir siriri a wurin tsire, yankan da ni kaina ban iya ba? Wa ke wanki da guga, wa ke yawo da keken ɗinki a kafaɗa? Mazanmu ne, da wannan suke ciyar da iyali a Arewa, kuma ba wanda ya taɓa ce musu sun zama mata. Girki da ɗinki in na kuɗi ne sana'a ce, in a gida ne kuma sai a ce abin kunya. Wannan lissafin ni dai bai shige ni ba.

Game da Hajiya kuwa, shawarata kada ki ja da surukarki, ko da kina da gaskiya. Ni ban ce uffan ba. Maigidan na samu da daddare, shi ya zauna da ita. Ya kawo mata hadisin Bukhari da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Ya kuma kawo mata na Abu Dawuda, inda Annabi ya ga kayan wasan Nana A'isha, a cikin 'yan tsanarta har da doki mai fukafukai biyu. Da ya tambaye ta, ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya, bai ce doki na maza ne ba. Hajiya ta ce, “To, Allah ya shirya mana su.” Ba ta sake tayar da zancen ba. Abin da ɗanta zai faɗa mata ta haɗiye, in ke kika faɗa ya zama rashin kunya.

Amma ni ɓangaren 'yarki ya fi tsaya mini a rai, don a nan aka cuce mu muna yara. A gida yayyena maza su ke ƙera motar kara da ta langa-langa, su auna, su yanka, su lanƙwasa waya, su yi tayoyi da tsohon silifa. Mu kuma 'yar tsana, tuwon ƙasa, carafke, gaɗa da dare, sai a aza maka farantin talla. Wasanninmu suna da daɗi, ba na raina su, carafke ma tana koyar da ƙirga da saurin hannu. Sai dai na yi aure ban san yadda ake canza fis ɗin filogi ba. Na sha zama cikin zafi da jariri saboda janareto ya ƙi tashi, maigida kuma cunkoso ya riƙe shi a hanyar Apapa.

Babbar 'yata tana da shekara shida ta warware fitilar cajinmu gaba ɗaya, ta jera ƙusoshin a kan tabarma daga ƙarami zuwa babba. Na yi mata tsawa har ta yi kuka. Babanta ya dawo, ya duba jerin ƙusoshin, ya ce, “Mayar mini da ita yadda take.” Ta mayar, saura ƙusa ɗaya, fitila ta kama. Washegari ya sayo mata ƙaramin sukudireba, ya riƙa kawo mata matattun rediyo da tocila. Yau tana ajin kimiyya a babbar sakandare, ita ke wanke filogin janaretonmu da hijabinta a jikinta, kuma tuwonta ya fi nawa laushi. Irinta ba baƙon abu ba ne a garin nan. Sandra Aguebor ta yi suna da kanikanci har tana koyar da mata gyaran mota. Asisat Oshoala 'yar Ikorodu, wadda iyayenta ba su so ƙwallonta ba da farko, sau shida tana zama gwarzuwar 'yan ƙwallon mata ta Afirka. Ba cewa nake 'yarki ta zama 'yar ƙwallo ba, wannan tsakaninku ne da babanta.

Rabon kayan wasan nan ma yawancinsa na 'yan kasuwa ne. Ki shiga Balogun ko Idumota gab da Salla, kafin ki buɗe baki mai shago zai tambaye ki namiji ne ko mace. In mace ce a nuna miki ruwan hoda: tukwane, madubi, jan baki. In namiji ne mota, jirgi, bulon haɗawa, bindiga. Ke da kike da mace da namiji sai ki saya sau biyu. Ni abin da na haramta a gidana shi ne bindigar roba mai harsashi, tun ranar wata Salla da ta kusa tsiyaye wa ɗan maƙwabta ido. 'Yar tsana kuwa in za ki saya, nemi mai kama da mu. Akwai Queens of Africa da Taofick Okoya ya fara a nan Legas a 2007, baƙaƙe ne da kayan atamfa, har da ɗaya mai suna Azeezah da ke wakiltar Hausawa. Ta fi mai farin gashin nan da ke sa yarinya ta raina kitsonta.

Ina da iyakokina, kada a ce na saki. Namiji ba ya fita da kayan 'yar'uwarsa. Wasan amarya da ango a ɗaki a rufe ƙofa, ban yarda ba. Ina sanin gidan da suka shiga da wanda suke wasa da shi, kuma wayar hannu ta fi duk wata 'yar tsana ba ni tsoro. Sauran kayan duk kwando ɗaya nake zubawa, motoci, tukwane, murafen kwalba, kwalin taliya, ba na cewa wannan na wane ne.

Abu ɗaya za ki sa wa ido in kina da jariri ko kina tsammani. Nawa da ya ƙware a goyon gora, wata rana na juya baya ina kwashe tuwo, sai na ji Hajiya ta ƙwalla salati. Ya jawo ƙanwarsa 'yar wata biyu bakin katifa, ya juya mata baya ya sunkuya, tawul a haƙora.